Rasuwar Ƙulƙul, Matacin Ruwan Kifayen Inna

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye saboda kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Ƙasimu Ilu, malamin gona a Karaye, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar matacin ruwan akwatin kifinmu, wanda mutanen gida suka fi sani da Ƙulƙul. Ya cika washegarin Ƙaramar Sallar bana da hantsi, a ƙarƙashin teburin da yake zaune tun ranar da aka haɗa shi, bayan gajeriyar jinyar da ko kwanta ta ba zai yi ba da a ce mai shi yana da baki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na san wanda bai san gidanmu ba zai ce me ya haɗa ɗan makiyaya da kifi a cikin gilashi, har ana shelar makoki. To, ga dalili. Bayan rasuwar Baffa, da aka raba shanu, na ɗauko mahaifiyarmu daga ruga a gefen Kwanyawa na kawo ta Karaye. Inna ba ta ce ba ta so ba, ba halinta ba ne. Sai dai ta zauna a ɗaki tana kallon bango, tuwo ya shiga ya fito kamar yadda ya shiga, har zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Ƙanena Sulle kuwa, da ke Rogo Ruma da ragowar shanun, duk ranar kasuwa sai ya aiko a gaya mini in zaman gari bai karɓe ta ba a mayar masa da ita. Ni ne ɗan fari. In uwa ta bar gidana ta koma na ƙanena, ina zan kai fuskata? Kuma a bar maganar fuska ma, ina son in shigo gida in tarar da ita a ciki. Tun ina yaro aka kai ni makarantar kwana, ban ƙoshi da ita ba.

Wata rana aiki ya kai ni Kano, na ga kifi a cikin akwatin gilashi a wani ofis, sai na ce ai wannan ma garke ne. Na sa mai yankan gilashi ya haɗa mini irinsa, na roƙi masunta a bakin madatsar Challawa suka ba ni 'yan ƙarfasa da 'yar tarwaɗa guda, na ajiye a ɗakin Inna. Ba a daɗe ba na ji tana kiran su da sunayen shanunta. Mai jan ciki ta zama Woɗewe, mai haske Ranewe, tarwaɗar kuma Ɓalewe. Sai ta yayyafa musu 'yar dusa da safe, sannan ta jawo nata kwanon. Tunda ni ɗan fari ne ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni, amma yanzu ta sami hanya: in tana son in ji wani abu sai ta gaya wa kifi ina tsaye. Da haka na san gishirin gidana ya yi mata yawa, da haka kuma na ji labarin ranar da aka haife ni.

Matsalar ita ce ruwa. Kafin mako ya zagayo sai ya zama kamar kunun kanwa, kifayen su taso sama suna haki. Na yi ta jidar bokiti har bayana ya ƙage, duk da haka guda ta mutu, Inna ta wuni ba ta taɓa abinci ba. Na koma Kano neman mataci irin na kanti. Da mai shagon ya faɗi kuɗinsa sai na yi masa sallama cikin mutunci na fito. A hanyar dawowa aka yi cikin marigayi a cikin kaina.

Marigayi ɗan talakawa ne gaba da baya, kuma bai taɓa ɓoye asalinsa ba. Jikinsa kular abinci ce mai murfin da ake datsewa, daga cikin kayan ɗakin uwargida Barira, wadda na ara ranar da ta tafi biki Gwangwan. Na ce na ara, ita kuwa har yau wata kalmar take amfani da ita. Na gasa ƙusa na huda shi biyu, ɗaya a ƙasa inda ruwa mai datti zai shiga, ɗaya a murfi inda zai fita. A cikinsa na shimfiɗa tsakuwa, na bi da fasassun tukwanen ƙasa, na ɗura gawayi a tsohuwar safa na ɗora, na rufe da soson da na yanko daga kusurwar katifata. Zuciyarsa ɗan famfo ne da na tsinto wurin masu tsofaffin kayan wuta. Bakin murfin kuma na naɗe shi da robar cikin tayar keke.

Haihuwar ba ta zo da sauƙi ba. Kunnawar farko ya yi fitsari ta gefen murfi ya jiƙa tabarmar Inna da rabin buhun gero. Na ƙara roba. Kunnawa ta biyu ya yi ta kuka a bushe, don ban san sai an jawo masa ruwa ya cika cikinsa ba kafin a ba shi wuta. Na durƙusa na kafa baki a tiyo na zuƙa, ruwan kifi ya zo mini da ƙarfi har ta hanci, na haɗiyi abin da ba zan faɗa a takardar ta'aziyya ba. Ina cikin tari sai na ji dariya a bayana. Inna ce, ta rufe baki da gefen zane. Rabona da jin dariyarta tun Baffa na da rai. A daidai wannan lokacin marigayi ya yi kukansa na fari: zuuu, ƙul, ƙul-ƙul-ƙul. Nan take Barira ta raɗa masa suna, tana hararata.

Jama'a sun shaida marigayi mai haƙuri ne. Duk ƙazantar da aka tura masa karɓa yake ya riƙe a cikinsa, ya mayar da ruwa garau, bai taɓa yi wa kowa gori ba. In an ɗauke wuta sai ya yi shiru, ba ƙorafi, in an kawo ya yi gyaran murya ya ci gaba daga inda ya tsaya. Bai san hutun Juma'a ba, bai san na Salla ba. Abin da yake nema a wurina kaɗan ne, in buɗe shi jefi-jefi in ɗauraye sosonsa a ruwan akwatin, in sake masa gawayi. Ko wannan ma sau nawa nake cewa sai gobe, ya ce ƙul, ya wuce. Ya yi damina biyu tare da mu. A cikinsu Inna ta yi ƙiba, ta fara fitowa tsakar gida tana gyara wa Barira damun fura, saƙon Sulle kuma ya koma gaisuwa zalla. Ni kuwa ina yawo a gari ina cewa dabarata ce.

Yanzu sai bayanin ciwon ajali, kuma ina roƙon mai karatu kada ya yi mini uzuri, don ban cancanta ba.

Ranar Salla bayan an sauko daga idi, Kawu Hammawa, yayan Inna, ya zo gaisuwa da mutanensa, da ƙwaryar nono mai kauri daga ruga. Aka shimfiɗa musu a ɗakin Inna. Tun kafin su gama zama na fara cika baki. Na ɗage ƙyallen tebur na nuna musu marigayi, na ce babu dattin da zai gagare shi a faɗin ƙasar Kano. Barira ta dama fura ta kawo. Ana cikin sha sai kifayen suka taru a jikin gilashi, don sun saba in an zauna a wurin abinci ne. Kawu ya ajiye ludayi ya dube ni.

Ya ce, "Ƙasimu, haka kuke yi a gari? Dabbar gida tana kallon bakinka ranar Salla, kai kana sha?"

Ya cika ludayi da fura, har da gudaji, ya miƙe da kyar ya juye a cikin akwatin.

Wallahi na san abin da zai biyo baya. Ni na haɗa marigayi da hannuna, na san iyakar abin da maƙogwaronsa zai ɗauka. Na buɗe baki in ce Kawu a dakata, sai na ga furfurarsa, na ga mutane, na tuna shi ya ɗauke ni a kafaɗa ya tsallakar da ni rafi ranar da za a kai ni makaranta. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya ƙara girma, Kawu." Shi ke nan na buɗe ƙofa. Tunda babba ya yi, kowa sai ya tashi ya fitar da nasa ludayin, wani ma ya gutsura waina ya jefa don kada a ce ya yi rowa. Ruwan ya yi fari fat.

Inna ta dube ni. Ita da ko dusa sai ta auna da yatsu biyu, ta fi ni sanin abin da aka yi wa garkenta. Amma ba za ta tanka wa yayanta a gaban mutane ba, ba za ta kuma yi mini magana a gabansu ba. Dubana kawai ta yi, ta daɗe tana yi, ni kuwa na sunkuyar da kai na ci gaba da shan fura.

Ko a nan da sauran dama. Da na kashe marigayi, na kwashe kifayen a bokiti, na sauya ruwa, da yanzu ba na wannan rubutu. To amma na riga na cika baki, Kawu kuma ya ce bari su ga aikin abin. Na bar shi a kunne. Da baƙi suka tashi na raka su tasha, daga nan abokai suka ja ni yawon Salla, ina gaya wa kaina ai Ƙulƙul ne, zai iya. Kaico! Da na dawo muryarsa ta sauya. Babu ƙul-ƙul, sai wani irin gurnani, grrr, grrr, yana yi yana tsayawa. Na taɓa jikinsa na ji zafi rau. Na ce da safe zan duba shi. Da safen ina ta neman abin kwance murfi ya yi ƙiii sau ɗaya, ɗakin ya ɗauki ƙaurin waya da tsamin nono. Da na buɗe cikinsa na tarar soson ya toshe da gero, bai bar ko gudaji ɗaya ya koma wa kifayen ba sai da zuciyarsa ta ƙone. Mai gyaran rediyo ya duba ya ce sai haƙuri.

Woɗewe da sauran 'yan ƙarfasa, ban da Ranewe, sun bi shi a ranar. Inna da kanta ta tsame su da ludayi, ba ta bari na taɓa ba.

Marigayi ya rasu ya bar tiyo biyu, ɗaya ya ƙage saboda zafi. Ya bar murfi mai huda, da safa ɗaya wadda 'yar uwarta ke nan a akwatina ba ta da amfani. Ya bar Ranewe, tana iyo a karkace, da Ɓalewe, wadda ko a jikinta. Ya bar uwargida Barira, da ta ce ta yafe kular duniya da lahira, kuma wannan yafiyar ta fi mini zagi ciwo. Ya bar Kawu Hammawa, wanda ya koma ruga da farin cikin ya yi sadaka, kuma ina roƙon duk wanda wannan sanarwa ta isa gare shi kada ya kai masa labari. Laifin ba nasa ba ne. Shi ya yi abin da ya gada, ni ne na san gaskiya na haɗiye ta da fura.

Na shiga wurin Inna na durƙusa na ce a ba ni mako guda in shiga Kano in nemo wani famfon, in haɗa sabo wanda ya fi wannan. Ba ta dube ni ba. Ta sunkuya kan bokitin da na zuba ragowar biyun, ta ce, "Ɓalewe, ruwan gidan nan ya ɓaci. Da a ruga ne da tuni na kaɗa ku gaba. Ni ma na kwana biyu ban ji kukan saniya ba." Daga nan ta aika a kira Sulle. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran ta ƙara wata magana, ko da faɗa ne, ba ta ƙara ba.

Game da jana'iza, na tuntuɓi liman ya ce ba a yi wa kula salla, ya kuma ce in riƙa yawan istigfari. Saboda haka ga yadda aka tsara. Barira za ta yi wa marigayi wanka da toka ranar Asabar da safe. Za a binne soso da gawayi a gindin dalbejiyar bayan gida, gangar jikin kuma za a ɗora ta a kan katanga, tunda mai huda biyu ba ya riƙe miya. Ba a buƙatar masu haƙa, ni zan yi da hannuna.

Bayan azahar motar Shitu direba za ta tsaya a ƙofar gida. Za a ɗauki Ranewe da Ɓalewe a bokiti zuwa bakin ruwan Challawa, inda Inna ta ce ita za ta sake su da kanta. Daga can motar za ta wuce Rogo Ruma da Inna da kayanta, Sulle yana jira. Ni zan dawo da bokitin.

Za a karɓi gaisuwa a zaure bayan la'asar. Ina roƙon masu zuwa, don Allah, in an gama addu'a kowa ya tashi ya tafi, kada wani ya ce bari ya leƙa ciki ya gaida Inna.