Ƙwaryar da Na Hana a Huda

Shekarar da aka samu mulkin kai, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya sayo mini babbar ƙwarya a kasuwar Tambuwal. Ba a daɗe ba ta yi 'yar tsaga a baki, siririya kamar gashi.

Ana gobe sunan ɗan ƙanwarsa a Kebbe, na iske maigidan ya sa tsinken ƙarfe a wuta zai huda ƙwaryar. Na fizge abata.

"Malam, mi ta yi maka?"

Ya ce, "Tsaga tafiya taka yi. In ba a yi mata huji a inda ta tsaya ba, gaba za ta ci." Har ya huda wata sakaina, ya tsaga ta a gabana, tsagar ta kai hujin ta tsaya cak.

Na ce ni da na girma cikin ƙorai, ba namiji zai koya mini ba. Na liƙe wurin da ƙaro, na shafe sumul, ina ta yabon kaina.

Da safe na cika ta da fura, na ɗora a ka. Ina yin sallama a gidan suna na ji ƙas! Ƙwarya ta rabe biyu, fura ta sauko mini har idon sawu. Uwar mijina ta dube ni ta ce, "Sannu da wanka, ɗiyata. Mu kuma mi za mu sha?"

Tun ranar Malam ya naɗa ni Sarkin Gyartai, shugabar masu ɗinkin ƙwarya, kuma bai tuɓe ni ba har ya rasu. Yanzu jikoki ke kirana haka. Nakan kore su da muciya, sannan in shiga ɗaki in yi kukana.