Kunnen Dargaza

Duk ƙasar Aujara babu masanin kare kamar Maharazu, kuma shi da bakinsa ya tabbatar da haka. Zomo ɗaya tal aka taɓa gani a hannunsa, shi ma mota ce ta take shi a hanyar Jahun.

Da za a naɗa sabon Sarkin Dawa, dattawa suka ce wanda ya fi kawo nama a farautar bana shi za a ba. Ana haka sai kunnen karensa Dargaza ya fara kaɗawa ba ƙaƙƙautawa.

"Ku kunne kawai kuke gani," in ji Maharazu ga mafarauta, yana nuni da sanda daga nesa, don farar rigarsa ba ta haɗa hanya da najasa. "Ni labari nake karantawa. Na hagu ya kaɗa, zomo ne. Na dama, gada. Inda ya karkatar da kai, can naman yake."

Matarsa Adawiyya, mai zuba wa karen tuwo, ta ce, "Malam, kunnen nan fa wari yake, ga susa har jini."

"Ilimin dawa ba na tsakar gida ba ne," ya ce.

Asabar uku maza talatin suna bin kunnen Dargaza. Kullum hagu yake karkata, su ma hagu, suka yi ta zagaye kuka guda har sawunsu ya fitar da hanya. Maharazu ya ce naman bana wayo gare shi.

Tausayin karen ya ishi Adawiyya, ta roƙi wan mijinta Idirisu ya ɗauko malamin dabbobi daga Jahun. Suka tarar da gwanin a ƙofar gida yana wa mafarauta lacca.

Malamin dabbobin ya sa safar hannu ya leƙa kunnen Dargaza. "In kunne ya motsa ya daina, ƙuda ne ko wata ƙara ya ji. Amma kwana da kwanaki, da susa da wari, ai ciwo ne." Ya zaro kaska bakwai ƙosassu da hantsaki, ya ɗiga magani. Dargaza ya yi hamma ya kwanta.

Sarauta dai tun a nan ƙofar gida kowa ya san ta tafi wani gida. Idirisu ya tattara kaskar a murfin kwano, ya durƙusa gaban ƙaninsa.

"Ranka ya daɗe, ga naman bana. A gasa, ko a yi farfesu?"