Hoton Alƙalamin Baba

Ba zan taɓa mantawa da walimar da muka shirya wa Baba ba, lokacin da ya yi ritaya daga koyarwa a Kebbe. 'Yan'uwa suka ce a buga ƙaton hoto a rataya bayan kujerarsa. To, Baba ba ya yarda a ɗauke shi hoto, sai muka tsaya a kan alƙalaminsa mai murfin azurfa, wanda duk ɗalibansa suka sani a aljihun rigarsa. Ni kuwa, sarkin iyayi, na ce a bar mini aikin (duk ilimina bai wuce 'yan bidiyon da na kalla a waya ba).

A ɗakina a Tambuwal na shimfiɗa farin mayafin matata kusa da taga, don an ce hasken taga ya fi na fitila taushi. Na jingina alƙalamin a karkace da wani tsohon littafi, na ɗaga farantin silba don ya maido haske gefen inuwa. Bazara ce, zafi ya sa na tuɓe riga, daga ni sai gajeren wando. Na yi ta durƙuso da leƙe ina ɗauka har na samu hoton da ya kwanta mini a rai. Ban nuna wa kowa ba na tura wa mai bugawa.

Ranar walima aka warware hoto, alƙalami ya kai tsayin mutum. Ina washe baki ina jiran yabo, sai Baffa, ƙanen Baba, ya matsa kusa ya gyara tabarau.

"Wai wa an nan cikin murfin ga, ba riga?"

Jama'a, ni ne. Murfin ya zama madubi: ga tumbina ya baje, ga faranti, ga harshe a waje. Tsofaffin ɗaliban Baba, manyan mutane, suka dinga cusa dariya a hannun riga. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na miƙe zan sauke hoton, Baba ya riƙe hannuna.

"Bar shi nan," ya ce a hankali. "Tun kana ƙarami haka kaka fiddo halshe in ka dage ga aiki. Ai don ni ka yi zufan ga."

Har yau hoton yana ɗakinsa, jikoki na kai baƙi su ga tumbina. Abin da na koya dai: abu mai ƙyalli ba ya rufa wa kowa asiri. Kafin ka gyara haske, ɗan'uwa, sa rigarka.