Maɓallai Uku na Hannun Dama

Ba zan taɓa mantawa ba da Larabar nan da na tara mutane da bakina don su kalli tonon asirina. Saura kwana huɗu fet ɗin Disamba, wato bikin da lakwal ɗinmu ke yi wa iyaye kafin a tafi hutu. Ni ne mushen waƙa, wato malamin waƙa, shekarata hamsin da biyu a lokacin, ashirin da shida daga ciki ina koya wa 'ya'yan mutanen Damagaram buɗe baki daidai.

Wanda bai yi aikin nan ba ba zai gane ba. Sauran malamai suna da aji, ni gindin bishiyar bedi gare ni. Mushen lissafi ya cinye mini rabin awata, in yi magana ya ce, "Haba, waƙa ce fa!" Ka shirya yara arba'in, ranar gwaji ka ga sha bakwai, sauran an aike su wajen tela. Kuran, wato wutar lantarki, ya tafi a tsakiyar baiti. Ga tsohona a garin Dogo, duk zuwana sai ya tambaye ni yaushe zan samu aiki. Duk na shanye wannan. Abin da ya fi ƙarfina shi ne piyano.

Piyano ɗaya ne lakwal ke da shi, mai aiki da kuran, kuma tun ƙarshen damina maɓallai uku na can ƙarshen hannun dama suka mutu. In danna, shiru. In ƙara dannawa, shiru. Waƙar da na tsara wa bikin kuwa a kan na ƙarshensu take sauka. Na zauna na yi bincikena (ni kaɗai, ni ne ɗan sanda, ni ne alƙali) na gano mai laifi: Baba Kyari, mai gadinmu. Dattijo ne Babarbare, shekara goma sha tara yana bakin ƙofar nan, shi ke share ɗakin ajiya, kuma yakan yayyafa ruwa kafin shara. Ruwa da kayan kuran? Magana ta ƙare.

Na same shi a kan bencinsa na sauke masa kwandon faɗa. Ya taso ya biyo ni ɗakin, na danna maɓallin a gabansa. Ya dube ni, ya dubi piyano, ya ce, "Mushe, ni dai ina ji."

Wallahi sai da na ga duhu. Ka ɓata kaya, kuma ka mayar da ni mahaukaci? Ranar na rubuta wa Madam, shugabar lakwal, takarda shafi biyu da Faransanci mai maiƙo. Madam da ma tana neman dalilin sauya tsoho da matashi. Ta ce in aka tabbatar, ƙarshen wata Baba Kyari ya kwashe tabarmarsa. Na san yana da jikoki huɗu marayu a unguwar Kara-Kara. Na sani sarai. Ban janye takardar ba.

(A gida kuwa matata Hadiza ta daɗe tana cewa, "Baban Nana, sau uku na kira ka." Ni kuma in ce mata mace ta gari ba ta magana cikin hanci. Radiyo ma na ce kamfanonin yanzu ba su iya ƙera lasifika ba. Ku dai bi ni a hankali.)

Ranar Laraba aka yi babban gwaji. Madam ta zo da iyaye biyar na kwamiti, yara sun yi sahu, aka kira Baba Kyari ya tsaya gefe da hularsa a hannu. Ni na roƙa a yi abin a bainar jama'a, don kowa ya shaida. Na sa babbar rigata ta Sallah. Na yi jawabi kan amana da kayan jama'a, har na kawo karin magana. Sannan na murɗa ƙarar piyano har ƙarshe, na ɗaga yatsa kamar liman zai yi kabbara, na danna maɓallin ƙarshe na riƙe.

"Kun ji?" na ce. "Shiru kamar an aiki bawa garinsu!"

Ina riƙe da shi ina juyawa don in ga fuskokinsu. Sai na ga Madam ta toshe kunnuwa da yatsu biyu. Jaririn da ke bayan wata uwa ya callara kuka. Yaran sahun gaba sun dafe kai, wani Alhaji na kwamiti yana yi mini alama da hannu in saki don Allah. Ni kuwa ina tsaye da murmushin mai nasara, ina ƙara dannawa.

Ban san daƙiƙa nawa na ɗauka kafin abin ya iso kaina ba. Na saki maɓallin. Kowa ya sauke hannu. Na sake dannawa, kowa ya zabura. Na saki. Sai da na gwada sau uku, jama'a, kamar yaro da makunnin fitila.

Babu wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi. Madam ta ce a hankali (ko da ƙarfi ta faɗa, ina zan sani?), "Mushe, piyano lafiyarsa ƙalau." Na dubi yaran. Wata uku suna jin ƙarar nan ina zagin maɓalli a gabansu, tsoron bakina ya hana su magana. Mutum ɗaya ne ya gaya mini gaskiya, shi kuma na rubuta masa takardar kora.

Kunya daban, baƙin ciki daban, ranar na haɗa su biyun. Ba ni da gona, ba ni da shago. Kunnen nan shi ne jarina tun ina yaro, da shi nake gane wanda ya kauce cikin murya arba'in. Likita ya tabbatar washegari: siraran sauti sun tafi, ba kuma za su dawo ba, sauran ma a hankali suke bin su. Na fito na zauna kan babur na yi kuka da babbar riga.

Daga can ban je gida ba, bencin Baba Kyari na nufa. Na durƙusa, na ce, "Baba, na zalunce ka. Ka yafe mini."

Ya ce, "Tashi, Mushe, yara na gani." Ya matsa mini wuri a bencin, ya ɓare goro ya ba ni rabi. "Ni idona ne ya fara tafiya, shekara uku ke nan. Da tafiyar mutum nake gane mai shigowa. Ban gaya wa Madam ba." Ya tauna goronsa. "Kai ma ba ka ji ba."

Na ce, "Baba, ai ni yanzu ba na ji."

Shi ne karon farko da na ga haƙoransa duka.

Na karɓo takardata daga ofishin Madam na yaga. Ranar fet yara suka yi waƙarsu, muka gangaro ƙarshe, na ɗora yatsa kan maɓallin nan na danna cikin shiru. Na ɗaga kai na nemi bakin ƙofa. Baba Kyari, wanda ba ya ko hango ni sosai, ya ɗaga hularsa sama: sautin ya fito.

Har yau ina koyarwa, ban san saura shekara nawa ba. Abin da na koya dai shi ne, in duniya ta yi maka shiru, kafin ka nemo alƙalami ka tambayi mai gadi. In ya ce yana ji, to yana ji.