Rasuwar Gordon, Mai Turo Mana Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da buta wadda ba ko ɗigon ruwa a cikinta, ni Lindsay Trewin nake sanar da 'yan'uwana tsofaffi da suka mayar da mota gida, daga nan Streaky Bay har inda kwalta ta ƙare, rasuwar Gordon, ɗan injin da ke turo ruwa daga tanki zuwa famfo a motata. Ya cika ranar Talata a ƙarƙashin gado, inda ya yi duk rayuwarsa.

Matata, marigayiya Noelene, ita ta raɗa masa suna. Ranar da na ɗaura shi, shekarar da muka sayar da gidanmu na Whyalla muka kama hanya, ta buɗe famfo ta ji "drrr-drrr-drrr", sai ta ce, "Lindsay, wannan ai ƙanenka Gordon ne. Kafin ya miƙo maka kofi ɗaya sai unguwa ta ji." Ƙanen nawa ya yi fushi, suna kuwa ya zauna.

Marigayi bai da haɗama, bai taɓa shanye mana batir ba. Ya sha ruwan rijiya mai zartsi a Coober Pedy bai yi tari ba, ya sha gargadar hanya har haƙoranmu na kaɗawa, bai taɓa cewa yau ba zai iya ba. Aibinsa ɗaya ne, bai san aikin shiru ba. Amma da wannan aibin na san abin da ke gudana a gidana. Ina zaune a waje ƙarƙashin rumfa ina ɗaura ƙugiya, in na ji gajeren "drrr", Noelene na ɗauraye kofuna. In ya ja da tsawo, buta take cikawa, shayi na tafe.

Rashin lafiyarsa ta fara ne bayan rasuwarta. Wata mahaɗar tiyo ta soma tsattsafo. Duk mai irin rayuwarmu ya san injin nan ba ya tashi sai ruwa ya sami mafita, saboda haka Gordon ya koma magana shi kaɗai, lokaci-lokaci. Ranar farko da ya yi haka ina waje, sai da na ture akwatin ƙugiya gefe don a sami wurin ajiye kofi, kamar Noelene ce ke tafe da shayi.

Maƙwabcina Col Haddow, wanda muke haɗuwa da shi a masaukin motocin nan duk bazara, ya yi ta yi mini tsiya. "Kai tsoho, yoyo kake yi, kai da motarka. Miƙo sifana mu gama." Na ce ya bar mini abina. Ya kuma tuna mini dokar da ko sabon shiga ya sani, cewa in za ka bar mota ka kashe injin ruwa. Ita ma na ƙi. Ba na son in dawo in tarar da gida shiru.

Ranar Talata na tafi kan gadar masunta kamun ƙaguwa. Mahaɗar ta saki gaba ɗaya, tanki ya tsiyaye a ƙasa, Gordon ya yi ta jan iska. Maƙwabta sun ce sun ji yana kira har rana ta take, ga ƙofa a kulle. Da na dawo na sa hannu, jikinsa da zafi, amma bai amsa ba.

Ya rasu ya bar tanki ɗaya, da famfo, da buta, da kofuna biyu waɗanda ɗaya ke hutu. Ya kuma bar ni, dattijon da a 'yan kwanakin nan ya gano cewa shiru ma ciwo ne. Kaɗaici ya ishe ni, ba na jin kunyar faɗa.

Game da magaji, na je wani shagon injuna a garin Ceduna. Mai shagon ta jera mini injuna, ta dafa wani ta ce, "Ɗauki wannan, Baba. Sauro ma ya fi shi ƙara, ba za ka san yana nan ba." Na ce, "Ba ki da mai surutu?" Ta dube ni ta saman tabarau. "Mutane kuɗi suke ƙarawa don su rabu da surutu fa." Duk da haka ta shiga ciki ta zaƙulo wani tsohon yayi, ta haɗa mini da robobin da ake sa masa a ƙafa don rage ƙara. Robobin na nan kan teburinta.

Col ne ya ɗaura shi, saboda gwiwoyina sun daina shiga ƙarƙashin gado. Cikin kirkinsa ya canja mahaɗar, ya matse ta tam. Sabon yana da murya, Allah ya sa masa albarka. Sai dai ba ya magana sai ina tsaye a kansa, hannuna a kan famfo.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da la'asar, a ƙofar motata, fara mai shuɗin layi da ke kusa da wurin wanki. Kowa ya zo da kujerarsa da abin shansa kamar yadda muka saba. An kwantar da marigayi cikin gwangwanin biskit ɗin Noelene, kuma a nan zai zauna, a wurinsa na ƙarƙashin gado. Ba a buƙatar furanni, kada kuma kowa ya zo da sifana.

Roƙon iyalin mamaci guda ne. In hira ta yi nisa, wani ya tashi a hankali ya shiga ciki ya cika buta, ni ina waje, kada ya gaya mini. Ƙofa za ta kasance a buɗe. Kofunan suna sama ta hannun hagu, a ɗauko duka biyun.