Farin Kwali Mai Sheƙi

Shekara talatin na yi ina koyarwa a Kafanchan. Don haka da matata, Maman Ladi, ta aike ni sayo kwalin da za ta jera kwalaben zumarta, sai na ga an zo fagena. Wa zai koya mini takarda?

"Baban Ladi, mai ruwan ƙasa za ka saya, mai kauri, irin na taliya," in ji ta.

Mai shagon ma ya nuna mini ninkin da ke cikin mai kaurin, wai shi ke ɗaukar nauyi. Ni kuwa idona na kan wani fari mai sheƙi. Ya ce, "Baba, wannan na kek ne fa." Na ce zumar matata ba za ta je taron zumuntar mata a kwalin taliya ba.

Ranar taron na hana kowa taɓawa. Na riƙo shi ta gefe, ina takawa kamar mai kai baiko. Daidai ƙofar coci gindinsa ya buɗe. Zumar da ta kwana bakwai tana tacewa duk ta malale a ƙasa, ni kuma ina tsaye da farin kwalina, ko tabo bai yi ba.

Ba ta yi faɗa ba. Durƙusawa ta yi tana duba ƙafata ko kwalba ta yanke ni, kafaɗunta na rawa don dariya.

Bara Ladi ta haihu. Da aka miƙo mini jaririyar, Maman Ladi ta matso ta ce a hankali, "Ta ƙasa za ka tallafe, Baban Ladi. Wannan ba mu da wata."