Ranar da na kashe gobarar gidan kansila

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar a Lajawa, shekarar da soja suka koma bariki. Lokacin ina sabon malamin kimiyya a wata sakandare a Wudil, ga ƙuruciya ga rawar kai. Kawun Hadiza, yarinyar da nake nema, ya ci kujerar kansila, aka shirya masa walima. Na ce to, yau dangi za su san irin surukin da Allah ya kawo musu.

A bayan akwalar motata akwai wata koriyar tukunyar kashe gobara da na saya a hannun 'yan gwangwan (motar ko birkin kirki ba ta da shi, amma wannan wani zance ne). Ana zaune a ƙofar gida ana hirar siyasa, babu wanda ya tambaye ni, na ɗauko ta na dire gaban dattawa.

“Ranka ya daɗe,” na ce wa kansila, “ruwa sanyaya wuta yake yi, yashi toshe mata iska. Wannan kuwa daban take. Gawayi in ya kama, iska mai guba yake fara fitarwa, ita ce ke ci da shuɗin harshen nan. To, a nan ciki akwai sinadarin buromin da kulorin. Su kutsawa suke tsakiyar harshen wutar su hana wannan iskar ci, kamar masu rabon faɗa.”

Wani tsoho ya ce, “Ikon Allah! Boko ya yi rana.” Kaina ya ƙara girma.

Ban rufe baki ba sai ga hayaƙi ya turnuƙe daga bayan zana, wata murya tana ta “Wuta! Wuta!” Na suri tukunya, na tattare babbar rigar aro, na banke zanar gaba ɗaya, na rufe ido na danna. Sai da na ji ta ƙare tas na buɗe ido.

Jama'a, ilmina bai yi ƙarya ba. Ko harshe ɗaya bai saura ba. Sai dai abin da na kashe, wutar gashin raguna biyu ce. Sarkin fawa na tsaye da wuƙa a hannu, hularsa a ƙasa, yana tari. Ashe cewa yake a ƙaro wuta.

“Malam,” in ji shi, “me naman nan ya yi maka?”

Na ce ai za a iya wanke shi (har yau ina mamakin bakina). Ya yanko tsoka ya miƙo mini. Warin magani ya bugi hancina, na kasa karɓa. Ta inda na kayar da zana kuwa mata suna ta leƙe, Hadiza ta cusa fuska a mayafi, kafaɗunta na rawa.

Kansila ya dafa ni ya ce, “Ba komai, ɗana. Ni dai ka yi mini rai, kada ka je kusa da tukunyar shinkafa.”

Haka baƙi suka ci shinkafa da miya tsura. Hadiza ta aure ni, amma a danginta har gobe sunana Kwana-kwana. Tun daga ranar na gane, kafin mutum ya kashe wuta, yana da kyau ya tambayi wanda ya hura ta.